Na'urorin Kariya a Liftar Lantarki da Dacewarsu da Yanayin N'Djamena: Nazari daga Unguwar Chagoua

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci na'urorin da ke kare fasinja da makaniki daga rauni a liftar lantarki, sannan ta auna su da yanayin wuta, zafi, ƙura da ruwa na unguwar Chagoua da ke birnin N'Djamena a ƙasar Chadi. An ɗauki sharuɗɗan ƙa'idar EN 81-20 ta Turai, aka kwatanta su da halin da unguwar take ciki, tare da duba wasu haɗurra da suka faru a Faransa da Japan da Najeriya. Nazarin ya gano cewa tsinkewar igiya, wadda mutane suka fi tsoro, ita ce haɗarin da aka fi toshe wa ƙofa. Inda ɓaraka take shi ne ƙofa, da birki, da yadda ake fito da mutane idan wuta ta ɗauke. Maƙalar ta ba da shawarar a kafa dokar duba lifta tun dogayen benaye ba su yawaita ba.

Muhimman kalmomi: lifta, kariya, birki, makullin ƙofa, ɗaukewar wuta, Chagoua

1.0 Gabatarwa

Chagoua tana cikin gunduma ta 7 ta N'Djamena, a gaɓar kogin Shari. Daga nan ake hawa gada a tsallaka zuwa Walia, hanyar da ke kai matafiyi Ngueli da garin Kuseri na Kamaru, da kuma kudancin ƙasar. Yawancin gidajen unguwar na ƙasa ne, amma birnin yana faɗaɗa ta wannan ɓangare, har ma ginin Majalisar Dokoki yana Gassi, cikin gundumar. Duk inda fili ya yi tsada, gini sama yake yi, kuma asibiti ko otal ko ofishin da ya haura hawa huɗu ba ya rabuwa da lifta.

Liftar da ake kafawa a Chadi daga waje ake shigo da ita, an ƙera ta bisa ƙa'idojin da aka rubuta a ƙasashen da wuta ba ta cika ɗaukewa ba. Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: waɗanne ne daga cikin na'urorin kariyarta za su yi aiki yadda aka tsara a wuri irin Chagoua, waɗanne ne kuma yanayin wurin zai raunana?

2.0 Waiwaye

A shekarar 1854, a bajekolin Crystal Palace na birnin New York, Elisha Otis ya hau dandamalin da aka ɗaga sama, ya sa aka datse igiyar da ke riƙe da shi. Dandamalin bai faɗo ba, domin wani sifirin ya tura haƙoran ƙarfe cikin layukan da ke gefe. A 1857 aka kafa liftar fasinja ta farko a kantin Haughwout na wannan birni, sannan a 1880 Werner von Siemens ya nuna liftar lantarki ta farko a Mannheim ta Jamus.

Ƙa'idoji sun biyo baya. Amurka ta fitar da ASME A17.1 a 1921. Turai ta fitar da EN 81-20 da EN 81-50 a 2014, suka maye gurbin tsofaffin a 2017, kuma daga gare su aka samo ISO 8100 ta 2019. Yawancin gyare-gyaren da aka yi wa dokoki haɗari ne ya haifar da su. Mutuwar wani yaro ɗan shekara 4 da ya faɗa rijiyar lifta a Strasbourg a 2002 tana cikin abin da ya sa Faransa ta sanya sharuɗɗan kariyar lifta a dokar 2 ga Yuli 2003. A Tokyo kuwa, a watan Yuni 2006, lifta ta tashi sama ƙofarta a buɗe, ta matse wani ɗalibi ɗan shekara 16, kuma daga 2009 Japan ta wajabta na'urar hana irin wannan motsi a sababbin liftoci.

Alƙaluman da cibiyar CPWR ta tattara a Amurka sun nuna cewa lifta da matakala mai tafiya suna kashe kimanin mutum 30 a shekara, suna raunata kusan 17,000. Kusan rabin mamatan ma'aikata ne masu kafawa ko gyara ko aiki a kusa da rijiyar, kuma faɗawa cikin rijiyar yana sahun gaba a sanadin mutuwarsu.

3.0 Hanyar Bincike

Nazarin na kwatance ne. An kasa na'urorin kariya gida huɗu bisa haɗarin da kowace take tarewa: faɗowa, matsewa a ƙofa, motsi ba da umarni ba, da maƙalewa. An fito da sharaɗin da ƙa'ida ta gindaya wa kowane rukuni, da abin da ta ɗauka cewa akwai shi a ginin, sannan aka auna da abubuwa huɗu na N'Djamena: wuta, zafi, ƙura da ambaliya.

4.0 Na'urorin Kariya da Yadda Suke Aiki

4.1 Kariya daga faɗowa

Akwatin lifta yana rataye ne da igiyoyin ƙarfe da suka bi ta kan gargaren injin, a ɗaya ƙarshen kuma akwai tulin ƙarfe mai daidaita nauyi, wanda ya kai nauyin akwatin da ƙarin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na kayan da aka yarda ya ɗauka. Ƙa'ida ba ta yarda da igiya ɗaya ba. Idan igiyoyin uku ne ko fiye, dole ƙarfinsu ya ninka nauyin da ke kansu sau 12, idan biyu ne sau 16.

Ko da duk sun tsinke, akwai na'urar ƙayyade gudu, mai igiyarta daban. Da zarar gudun akwatin ya zarce abin da aka tsara, aƙalla da kashi 15 cikin ɗari, sai na'urar ta kama igiyarta, igiyar ta fizgo maƙatan da ke ƙarƙashin akwatin, su cije layukan ƙarfen da yake bi. A liftar mutum 8 mai ɗaukar kilo 630 da gudun mita 1 a daƙiƙa, wannan iyaka tana farawa daga mita 1.15 a daƙiƙa. Abin da ya faɗo daga tsaye yana kai wannan gudu bayan santimita 7 kacal. A can gindin rijiya kuma akwai matokarai: na sifirin ga liftar da ba ta wuce mita 1 a daƙiƙa ba, na mai ga wadda ta fi haka. Abin lura shi ne wannan rukuni duka da ƙarfe da nauyi yake aiki, ba ya jiran lantarki.

4.2 Kariya a ƙofa

Kowace ƙofar hawa tana da makulli mai fuska biyu, ta ƙarfe da ta lantarki. Sai harshen makullin ya shiga aƙalla milimita 7 kafin wayar kariya ta haɗu, injin ya samu damar tashi. Duk makullan a jere suke kan waya ɗaya, saboda haka ƙofa ɗaya da ba ta kulle ba ta isa ta tsayar da lifta. Ƙarfin da ƙofa ke rufewa da shi bai kamata ya wuce Niwton 150 ba, wato kamar nauyin kilo 15. Labulen haske, wanda ke rufe tsakanin milimita 25 da 1,600 daga dokin ƙofa, yana mayar da ita baya idan hannu ko ƙafar yaro ta gifta.

4.3 Kariya daga motsi ba da umarni ba

Sifirin ne ke matse birkin injin, lantarki ne ke sake shi, don haka ɗaukewar wuta tsayar da lifta take yi. Ƙa'ida ta ce birkin ya kasance gida biyu, kuma ya iya tsayar da akwati mai kayan da suka haura ƙima da kashi 25 cikin ɗari. Idan fatar birki ta cinye, akwatin da ba shi da kaya sama yake gudu, domin tulin ƙarfen ya fi shi nauyi. Shi ya sa aka ƙara na'urar da ke tsayar da shi kafin ya yi nisan mita 1.2 daga hawa idan ya motsa ƙofa a buɗe. Ma'aunin nauyi kuma yana hana tashi idan lodi ya zarce da kashi 10 cikin ɗari.

4.4 Kariya ga wanda ya maƙale

Dole akwatin ya samu kafofin iska, da fitilar batir mai ci na awa ɗaya, da hanyar magana da masu ceto. A ƙarƙashin dokin ƙofarsa akwai farantin ƙarfe mai tsawon santimita 75, wanda ke toshe giɓin da mai fitowa zai iya zamewa ta cikinsa zuwa rijiya.

5.0 Sakamako da Tattaunawa

Wuta. Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna cewa mutanen Chadi da ke samun lantarki ba su wuce kashi 12 cikin ɗari ba, kuma a N'Djamena ɗaukewar wuta abin yau da kullum ne, musamman lokacin bazara. Kowace ɗaukewa tana iya tsayar da akwati tsakanin hawa biyu. A wannan lokaci fasinjan da ke ciki ba ya cikin haɗarin faɗowa. Haɗarin yana farawa ne sa'ad da maigadi ya zo da makullin gaggawa ko ƙarfen ɓanɓara, ya buɗe ƙofa, mutane suka fara dirowa ta kan rijiya, ko janareto ya kama alhali wani yana rabi ciki rabi waje. Ƙa'idar Turai ta ɗauki maƙalewa a matsayin abin da ba kasafai yake faruwa ba, don haka ba ta wajabta wa kowace lifta na'urar batir mai kai akwati hawa mafi kusa ta buɗe ƙofa ba. A Chagoua wannan na'ura ta zama dole. Haka nan sauyawa daga wutar gari zuwa janareto yana iya juya jerin layukan wuta uku ko ya sauke ɗaya, abin da ke buƙatar na'urar da za ta yanke injin nan take.

Zafi. EN 81-20 ta ginu kan cewa zafin rijiya da ɗakin inji yana tsakanin digiri 5 da 40. A watannin Afrilu da Mayu zafin inuwa a N'Djamena yana haura digiri 40, ɗakin injin kuwa galibi a ƙololuwar gini yake, ƙarƙashin rufin da rana ke duka. Zafi yana sa allon sarrafawa ya kashe kansa, wanda ke ƙara yawan maƙalewa, yana kuma rage kwanan batir. Na'urar ceto mai mataccen batir da babu duk ɗaya ne, kuma ba a gane hakan sai ranar buƙata.

Ƙura. Kwarin Bodele da ke arewacin Chadi yana cikin manyan maɓuɓɓugan ƙura na duniya, kuma hunturu yana sauke ta a birnin. Tana toshe ramin da ƙofa ke gudu a kai, ta rufe idon labulen haske, ta hana bakin makulli haɗuwa. Lifta sai ta riƙa tsayawa. A nan ne jarrabawa take zuwa wa mai gyara: ya ɗaura gajeriyar waya ya tsallake makullin don mai gida ya ga abu yana tafiya. Wannan waya ɗaya tana rushe duk kariyar makulli da aka bayyana a 4.2. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ruwa. A watan Oktoba 2022 gwamnatin Chadi ta ayyana dokar ta-ɓaci saboda ambaliya, kuma Walia, da ke tsallaken gadar Chagoua, tana cikin wuraren da ruwan Shari da Logon ya mamaye. Gindin rijiyar lifta yana ƙasa da daɓen gini, kuma nan ne matokarai, da makunnin tsayarwa, da gargaren da ke miƙe igiyar na'urar ƙayyade gudu suke. Tsatsa a wannan wuri tana taɓa rukunin da aka ce bai dogara da lantarki ba.

Wannan ya nuna cewa ƙarfin rukuni na farko ma yana da sharaɗi, wato kulawa. Ranar 1 ga Agusta 2023 lifta ta faɗo a masaukin likitoci na Babban Asibitin Odan da ke Legas, wata matashiyar likita ta rasu. Darasin da gine-ginen N'Djamena za su ɗauka shi ne, kasancewar na'ura a jikin lifta ba ya tabbatar da cewa za ta kama, sai an gwada ta an gani.

6.0 Shawarwari

Na farko, hukumomin da ke ba da izinin gini su sa sharaɗin kwangilar kulawa da duban ƙwararre mai zaman kansa. Tsarin Faransa, ziyarar makaniki duk mako 6 da cikakken bincike duk shekara 5, zai iya zama mafari, a ƙara yawan ziyara lokacin hunturu.

Na biyu, a wajabta na'urar ceto ta batir da na'urar lura da layukan wuta, a riƙa gwada batir ta hanyar yanke wuta da gangan, a rubuta sakamakon a littafin lifta.

Na uku, a sanyaya ɗakin inji, a yi wa gindin rijiya daɓen da ruwa ba ya ratsawa, da na'urar da za ta ɗaga akwati sama ta tsayar da shi idan ruwa ya shiga.

Na huɗu, a horar da masu gadi da 'yan kwana-kwana kan matakan ceto: a yanke babban makunni, a kwantar wa na ciki hankali, a kawo akwati daidai da hawa, sannan a buɗe ƙofa. Umarnin cikin akwati ya kasance da Faransanci da Larabci da zane, don wanda bai iya karatu ba.

7.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa na'urorin kariya na liftar zamani sun wadatar a tsarinsu, amma an gina su kan abubuwa huɗu da Chagoua ba ta da tabbacinsu: wuta mai ɗorewa, zafin da bai haura digiri 40 ba, iska marar ƙura, da busasshen gindin rijiya. Kowane giɓi daga cikin waɗannan yana ƙarewa ne a ƙofa ko a hannun mai gyara. Faransa da Japan sun gyara dokokinsu bayan an yi asarar rai. Tun da liftocin wannan yanki na N'Djamena ba su yi yawa ba tukuna, yi musu rajista da sa musu ido abu ne da hukuma za ta iya farawa yanzu da ma'aikata kaɗan.