Tarihin Yaƙi da Cututtukan Bairas a Gonakin Sitiroberi

Sitiroberin da ake nomawa yau ya samo asali ne a Faransa a ƙarni na 18, daga haɗuwar wani iri na Arewacin Amurka da wani da wani mutum mai suna Frézier ya kawo daga Chile a 1714. Manoma ba sa shuka ƙwayarsa, yaɗonsa suke cira su dasa. Nan matsalar take, domin duk cutar da ke jikin uwa sai ta bi 'ya'yanta.

A shekarun 1920 aka bayyana wata cutar bairas ta sitiroberi a Kalifoniya, a 1933 kuma a cibiyar bincike ta East Malling da ke Ingila. Gefen ganye yakan yi rawaya, tsiro ya tsumbure, 'ya'ya su ƙanƙance. Daga baya aka gano cewa darɓa ce ke yaɗa ta. Abin da ya fi wahalar da masana shi ne, bairas guda kan ɓuya ba alama, sai biyu ko uku sun haɗu gona ta lalace. Sai suka riƙa aura tsiron da ake zargi da sitiroberin daji, wanda ke saurin nuna cuta.

A shekarun 1950 aka fara warkar da dashe ta hanyar ajiye shi makonni cikin zafi kusan digiri 37. Duk da haka cutar ta sake ɓarkewa a Nova Scotia ta Kanada a 2012, dashen da aka sayar daga can ya kai ta har Florida.