Yadda manhajojin kwamfuta ke fassara amon ƙasa wajen neman man fetur

Kafin a haƙa rijiyar mai, sai masana sun zana hoton duwatsun da ke ƙarƙashin ƙasa. Ana samun hoton ne daga bayanan sismik, wato amon sautin da aka aika cikin ƙasa ya dawo.

Manyan motoci masu girgiza ƙasa ko nakiyar da aka binne a ramuka ne ke aika sautin. Idan ya isa mahaɗar duwatsu biyu masu bambancin tauri, wani ɓangarensa yakan dawo sama, inda na'urorin saurare da aka jera suke naɗe shi. Akan adana bayanan a tsarin SEG-Y, wanda aka fito da shi a 1975.

Aikin manhaja

Ɗanyen bayanin cike yake da hayaniya. Manhaja takan fara da tace shi, sannan ta haɗa amo masu yawa da suka dawo daga wuri guda don na gaskiya ya fito fili. Daga nan sai ta mayar da kowane amo ainihin gurbinsa, domin dutsen da ya karkata yakan bayyana a inda ba nan yake ba.

Bayan haka ake fassara. A manhajoji irin su Petrel na kamfanin SLB, da Kingdom, da OpendTect mai sigar kyauta, masani yakan bi layin kowane shimfiɗin dutse, ya gano tsagewar ƙasa da tudun da zai iya tare mai. Wata dabarar, AVO, tana duba yadda ƙarfin amo ke sauyawa da nisan na'urar saurare, abin da kan nuna alamar iskar gas. A yanzu ƙirƙirarriyar basira na hanzarta gano tsagewar.

Inda kuskure ke shiga

Na'urorin suna auna lokacin tafiyar sauti ne, ba zurfi ba. Sai an kintaci saurin sauti a kowane dutse kafin a san zurfin, kuma kuskure kaɗan na iya nuna tudu inda babu. Ana gyara kintacen da bayanan tsofaffin rijiyoyi, waɗanda suka yi ƙaranci a yankunan da ba a cika bincikawa ba. Shi ya sa rijiya ce kaɗai ke tabbatar da mai.

Najeriya ta ga hakan. Rijiyoyi 23 da NNPC ya haƙa a yankin Tafkin Chadi ba su samar da man da za a sayar ba. A Oktoban 2019 kamfanin ya sanar da samun mai a rijiyar Kolmani ta biyu, tsakanin Bauchi da Gombe, kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin a Nuwamban 2022.

Dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta tanadi kashi 30 cikin 100 na ribar mai da gas da NNPC ke samu daga wasu kwangiloli domin bincike a irin waɗannan yankuna. Tunda kuɗin jama'a ne, duk sanarwar gano mai na buƙatar tambaya: hasashen manhaja ne, ko rijiya ta tabbatar, kuma ganga nawa ta fitar a gwaji?