Annoba da Ikon Unguwa a Bikin Gion na Birnin Kyoto

Tsakure

Maƙalar ta nazarci bikin Gion da ake yi a watan Yuli a Kyoto ta ƙasar Japan. Ta nuna cewa ɗorewar bikin ta rataya ne a wuyan unguwannin 'yan kasuwa fiye da fada ko wurin bautar Yasaka.

Asali

A shekarar 869 annoba ta auka wa birnin. Mutanen zamanin sun ɗauka fushin ruhohin waɗanda suka mutu cikin zalunci ne, sai aka kakkafa masu 66 a lambun Shinsen-en, ɗaya a madadin kowane lardi, domin a lallashe su. Lokacin bikin ma ba banza aka zaɓe shi ba: ƙarshen damina ne a can, ga zafi ga ambaliya, cuta kuwa ta samu hanya. Daga 970 aka mayar da shi na shekara-shekara.

Yadda unguwanni suka karɓe ragama

Yaƙin Onin (1467 zuwa 1477) ya ƙone birnin, biki ya tsaya har 1500. A 1533 mahukuntan soja suka dakatar da ɓangaren ibada, amma mazauna unguwanni suka kafe sai sun fito da hasumiyoyinsu na katako masu ƙafafu, waɗanda ake ja a jerin gwanon bikin. A ganin wannan nazari, daga nan ne bikin ya zama na 'yan gari.

Hasumiyoyin 34 ne a yau, kowace da unguwar da ke riƙe da ita. Manyan, waɗanda ake kira hoko, kan kai mita 25 a tsayi da kimanin tan 12 a nauyi, kuma ba a buga musu ƙusa ko ɗaya. Da igiya ake ɗaure katakon, a kwance shi bayan biki, baɗi a sake. Saboda haka sanin aikin yana hannun masassaƙa, dole kuma kowace shekara matasa su gani su koya. Ƙafafun ba sa karkata, don haka idan an iso kwana sai a shimfiɗa tsagaggen gora, a kwara ruwa, majiya ƙarfi su ja hasumiyar ta zame a kai har ta juya. Attajiran tufafi kuwa gasar ado suka riƙa yi, har ga dardumomin Farisa da saƙar Beljiyam ta ƙarni na 16 rataye a jikin wasu.

Hukuma takan sa baki. A 1966 an haɗe jerin gwanon 17 da na 24 ga Yuli a rana guda saboda cunkoso da yawon buɗe ido, sai a 2014 aka sake raba su. A shekarar ce hasumiyar Ofune, wadda ta ƙone a 1864, ta dawo titi. Ta Taka ta biyo baya a 2022, bayan kusan ƙarni biyu ba ta fita ba, ita ma ƙungiyar unguwarta ce ta jagoranci sake gina ta.