Maharban Zamfara Da Dokar Namun Daji

Gulbin Sakkwato ya taso ne daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya bi ta ƙasar Maradun da ta Talata Mafara da ta Bakura, kana ya miƙe zuwa Sakkwato. Garuruwan nan uku, watau na Sarkin Kaya da na Sarkin Mafara da na Sarkin Burmi, ruwa ɗaya su ke sha, daji ɗaya kuma ya kewaye su tun zamanin kakanni. Arewa da su akwai dajin Gundumi, wanda Bature Clapperton ya ratsa cikin 1824, Barth kuma, wanda Hausawa suka sani da sunan Abdulkarim, ya ratsa cikin 1853. Dukansu biyu sun ba da labarin wahalar da ayari ke sha a cikinsa, ga ƙishirwa, ga tsoron mahara, har mutane su kan kwana suna tafiya ba zango. Dajin da ya ke abin tsoro ga fatake kuwa, shi ne gonar maharbi.

A wancan zamani dazuzzukan ƙasar Hausa cike su ke da nama. Akwai gwanki da kanki da mazo da barewa da gada, akwai ɓauna da gwambaza a bakin fadamu, akwai mugun dawa da zomo da zabin daji, ga zaki da damisa da kura, giwa ma ta kan ratso. Labarin gargajiya na Zamfarawa ya ce maharba ne suka fara zama a Dutsi, inda sarautar Zamfara ta tsiro, kamar yadda tarihin Kano ya ce Barbushe maharbi ne mai kashe giwa. Ba abin mamaki ba ne, gama maharbi shi ya san inda ruwa ya ke da rani, shi ya kan fara kafa bukka, sa'an nan manomi ya biyo sawunsa da fartanya.

Masu neman naman daji iri biyu ne. Akwai maharbi, wanda sana'arsa ce ta gado, ya kan shiga daji shi kaɗai ko da ɗansa, da baka da kwari, kibansa shafe da dafin ƙwanƙwani, wani lokaci ya ɗaura kan burtu a goshi ya yi ta rarrafe har ya kusanci dabba. Akwai kuma mafarauta, watau samarin gari da 'yan tauri, waɗanda su kan yi gayya da rani, su fita da karnuka da gora da gatari, da kiɗa da kirari. Kowane ɓangare da shugabansa. Sarkin Baka ko Sarkin Dawa shi ke faɗin ranar fita da dajin da za a shiga, shi ke raba gardama in mutum biyu sun yi jayayya a kan wanda ya fara jifa. A wuraren da al'adar Azna ta daɗe, kamar Gobir da Katsina da Maraɗi, ba a fara farauta sai an yi bikin buɗin daji bayan kaka. Da damina kuwa ciyawa ta rufe daji, kowa yana gona, namun daji su sami sararin haihuwa da renon 'ya'yansu.

Hakkin shiga daji yana tafe da wajibi. In an kashe babbar dabba, a kan kai wa mai gari cinya, fatar zaki ko ta damisa kuwa ta sarki ce. Baƙon maharbi ba ya ɗana kibiya a dajin wani gari sai ya gai da shugaban maharban wurin. In kura ta addabi garke, ko zaki ya tare hanya, maharba a ke kira, ba su da ikon cewa a'a. In yaƙi ya zo, su ne 'yan baka, su ne kuma masu nuna hanya. Saboda haka wanda ke cin amfanin daji shi ne mai tsaronsa, in naman ya ƙare kuwa, tukunyarsa ce za ta fara bushewa.

Bayan jihadin 1804 ƙasar ta shiga hannun Sakkwato, shari'a ta ƙara nata sharuɗɗa. Littattafan Malikiyya da a ke karantawa a zaure, kamar Risala, sun halatta farauta don abinci, sun karhanta ta don wasa kawai. Malamai kuma sun nemi maharbi mai dafi ya cim ma dabba da sauran ranta ya yanka. Shari'a ta san hurumi, watau filin da shugaba ya keɓe don amfanin jama'a, amma ba ta mai da naman daji dukiyar sarki ba. Abin da ke cikin daji na wanda ya kama ne. Babbar ɓarnar da ta sami namun daji a ƙarshen wannan zamani ma ba daga kibiya ta zo ba. Wajen 1890 annobar shanu da a ke kira Sannu ta share garkunan Fulani, ta kuma bi ɓauna da wasu manyan namun daji ta kashe.

Turawan Ingila suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903. Bayan 'yan kwanaki Gwamna Lugga ya tara manyan gari ya ce musu duk ikon da Fulani suka samu da takobi, har da ikon ƙasa, ya koma hannun Gwamnati. Ba wanda ya ambaci maharbi a ranar, amma maganar ta shafe shi, domin wanda ya mallaki daji shi zai faɗi wanda zai shiga. Tun cikin 1900 ƙasashen Turai masu mulki a Afirka sun yi taro a Landan kan kiyaye namun daji. Cikin 1916 aka yi wa Nijeriya dokar kiyaye namun daji da dokar gandun daji. Aka kasa dabbobi aji aji, wasu ba a taɓa su sam, wasu sai da lasin. Wani taron da aka sake yi a Landan cikin 1933 ya nemi a hana kewaye dabba da wuta, da kashe ta da dafi, da haska mata fitila da dare, da bin ta da mota. Biyu na farko kuwa su ne makaman talaka tun kaka da kakanni.

Yarjejeniyar 1933 ta ce ba za a tauye hakkin farauta na sarakuna da ƙabilu ba, amma sai wanda hukuma ta riga ta amince da shi, ta hanyar alkawari ko izini. To, a nan gizo ke saƙa. Hakkin maharban Zamfara ba a takarda ya ke ba, a bakin dattawa ya ke. Inda kawai aka rubuta shi shi ne sa'ad da za a yanka gandun daji. Jami'i ya kan zo ya tambayi mutanen ƙauyukan da ke maƙwabtaka da wurin, ya rubuta abin da aka yarda su ci gaba da yi, kamar ɗiban zuma da 'ya'yan itace da farauta. Ƙauyen da sunansa ya shiga takarda ya tsira da nasa, wanda bai shiga ba ya zama ɓarawo a dajin ubansa. Tsaron daji kuma ya fita daga hannun Sarkin Baka ya koma hannun malamin daji na En'e, mutum ɗaya a kan keke, da daji mai faɗin tafiyar kwana biyu.

Gwamnatin Jihar Arewa ta bi wannan hanya. Ta keɓe Yankari a ƙasar Bauci cikin 1956, ta buɗe shi ga masu kallo cikin 1962, ta kuma kafa sabuwar dokar namun daji cikin 1963. Cikin 1971 aka keɓe dajin Kuyambana a kudancin Zamfara don namun daji. Cikin 1985 Gwamnatin Tarayya ta yi dokar soja mai lamba 11 ta hana cinikin dabbobin da ke neman ƙarewa. Dokokin nan duka hannun maharbi su ke kallo. Amma dabba ba kibiya kaɗai ke kashe ta ba, rashin wurin kwana da wurin shan ruwa ya fi kibiya saurin ƙarar da ita. Zaman lafiya ya sa mutane sun fito daga bayan ganuwa sun kafa tungaye, auduga da gyaɗa suka ci saura, bindigar toka ta yawaita, farin 1972 zuwa 1974 ya koro garkuna daga arewa.

A ƙasar garuruwan nan uku babu abin da ya sāke fuskar daji kamar madatsar ruwa ta Bakolori. An fara gina ta cikin 1974, aka gama cikin 1978, shekarar da dokar mallakar ƙasa ta sa dukan filaye a hannun Gwamnan jiha. Tafkin ya shanye fili wajen hekta 8,000, aka tashi dubban mutane, aka sake musu matsuguni. Aka share wajen hekta 23,000 don noman rani tsakanin Mafara da Bakura, aka tumɓuke itatuwa, aka baje ƙasa. Ambaliyar da ta saba cika fadamu kowace shekara ta ragu. Manoma suka tashi neman diyyar gonakinsu, har ran 28 ga Afrilu 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka kashe mutane da yawa. In mai gona, wanda kowa ya san iyakarsa, ya sha wannan wuya kafin a saurare shi, ina ga maharbi, wanda gonarsa ba ta da kunya ko ɗaya?

Irin wannan gardama ta auku a Amurka tsakanin Gwamnati da ƙabilun da Turawa suka tarar a ƙasar. Can akwai ragon dutse mai manyan ƙahoni, da wata babbar dabba mai kama da gwanki, mai ƙaho da rassa, wadda su ke kira elk. Cikin 1868 ƙabilar Crow ta bar wa Gwamnati ƙasa mai yawa, aka rubuta mata alkawarin za ta ci gaba da farauta a filayen da ba a zauna ba, muddin akwai nama a cikinsu. Cikin 2014 jihar Wyoming ta tuhumi wani ɗan ƙabilar, Clayvin Herrera, don ya harbi elk a dajin Bighorn ba bisa dokar jiha ba. Cikin 2019 Kotun Ƙoli ta yanke, alƙalai biyar a kan huɗu, cewa alkawarin nan bai mutu ba don an kafa jiha.

Abin lura kuma shi ne yadda ƙabilar Mescalero ta riƙe nata dajin. Elk 13 kaɗai suka rage a wajenta. Cikin 1966 da 1967 aka ba ta 162, ta kafa dokokinta da masu tsaronta, ta ƙayyade yawan da za a harba kowace shekara, har garken ya kai wajen 1,200. Cikin 1983 Kotun Ƙoli ta tabbatar mata da ikon tsara farauta a ƙasarta. Hakki da wajibi suka koma hannu ɗaya, nama kuwa ya yawaita.

A Zamfara, wadda ta zama jiha ran 1 ga Oktoba 1996, abin ya bi wata hanya. Dazuzzukan da aka raba da masu su ba su zauna ba mai shi ba. Tun wajen 2011 'yan bindiga suka fara mai da su mafaka, har dajin Sububu da na Gundumi da na Kuyambana suka zama sunayen da a ke ji a labarin satar shanu da satar mutane. Da abin ya tsananta, hukuma da jama'a suka waiwayi mutanen da doka ta daɗe tana kira masu laifi, aka shiga neman maharba su nuna hanya, su taya tsaron gari, gama su ne suka san kowane kwazazzabo da kowace mashaya.

Alkawarin 1868 ya rataya hakkin farauta a kan fili da nama da zaman lafiya. Maharbin Mafara ko na Bakura ko na Maradun bai taɓa ganin takardar ba, amma ya san gaskiyarta tun yana yaro mai ɗaukar kwarin ubansa. Ran da zaman lafiya ya komo, aka zauna shawarar abin da za a yi da sauran daji, ya kamata a shimfiɗa wa Sarkin Baka buzu kusa da malamin daji da ardon Fulani da mai gari, a rubuta hakkinsa, a rubuta wajibinsa, a kan takarda ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo.