Shanyewar ɓarin jiki: Irin kulawar asibiti da majinyaci daga Wasagu ke buƙata

Shanyewar ɓarin jiki ciwo ne na ƙwaƙwalwa, duk da cewa a hannu da ƙafa da baki ake ganin alamarsa. Yana aukuwa ne idan jini ya daina isa wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko dai saboda gudan jini ya toshe jijiya, ko kuma jijiyar ta fashe jini ya malala. Alamominsa kan zo farat ɗaya: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta sarƙe.

Binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Gana, ciki har da na koyarwa da ke Kano da Zariya, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2018, ya nuna cewa hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da ke haddasa ciwon. Ya kuma gano cewa kusan kashi ɗaya bisa uku na majinyatan fashewar jijiya ce ta same su, adadin da ya zarce wanda ake gani a Turai.

Wannan adadi yana da muhimmanci, domin toshewa da fashewa kamanninsu ɗaya a ido, amma maganinsu ya saɓa. Asfirin da ke taimakon mai toshewar jijiya yana iya ƙara wa mai fashewa zubar jini. Hoton ƙwaƙwalwa da na'urar CT ne ke raba gardama, shi ya sa bai kamata 'yan uwa su ba majinyaci wani magani a gida ba, komai kyawun niyya.

Ga mutumin Wasagu, da ke ƙaramar hukumar Danko/Wasagu a masarautar Zuru, matakin farko shi ne babban asibiti mafi kusa, a garin ko a Zuru. A nan za a auna hawan jini da suga (faɗuwar suga kan yi kama da wannan ciwo, kuma gyaranta na 'yan mintoci ne), sannan a rubuta takardar tura shi gaba. Gaban kuwa shi ne Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, inda ake da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa.

Akwai allurar narkar da gudan jini, wadda Amurka ta amince da ita tun 1996, sai dai ana yin ta ne cikin sa'o'i huɗu da rabi da fara ciwon, kuma bayan an ɗauki hoto. Idan aka haɗa nisan hanya, da neman mota da kuɗi, da matsalar tsaro da ta sa tafiyar dare ta zama kasada a yankin, da wuya majinyaci daga Wasagu ya riski wannan wa'adi. Ga tsadar allurar ita kanta.

Hakan bai sa tafiyar ta zama aikin banza ba. Abin da bincike a ƙasashe da dama ya tabbatar yana rage mace-mace da naƙasa shi ne kwantar da majinyaci a sashe na musamman, inda likitoci da ma'aikatan jinya da masu gashin ƙashi ke aiki tare a kansa. Yawancin aikin ba na manyan na'urori ba ne. Ana gwada haɗiyarsa kafin a ba shi ko da ruwa, domin ciwon kan raunana maƙogwaro, abinci ya zarce huhu ya haifar da ciwon huhu, wanda ke kashe majinyata da yawa a makonnin farko. Idan haɗiyar ba ta yiwuwa, sai a sa masa bututu ta hanci. Ɗura kunu ko rubutu a bakin wanda bai iya haɗiya ba, kamar yadda aka saba yi don tausayi, haɗari ne babba. Addu'a kuwa ba ta hana a kama hanyar asibiti. Ana kuma juya shi a kai a kai don gudun gyambon kwanciya, a sa ido kan zazzaɓi da suga, a sauke hawan jini bisa ƙa'ida, sannan a fara motsa gaɓoɓinsa da zarar likita ya ba da izini.

Bayan sallama, gashi kan ɗauki watanni, kuma mafi yawan sauƙin da ake samu yana zuwa ne a watanni uku zuwa shida na farko. Yana da kyau mai jinya ya koyi atisayen daga ma'aikatan kafin a koma gida. Maganin hawan jini kuma ba a ajiye shi don an ji sauƙi, domin wanda ciwon ya taɓa sau ɗaya ya fi kowa fuskantar haɗarin dawowarsa. Ma'aikacin gwamnati da ke cikin tsarin inshorar lafiya, na tarayya ko na hukumar KECHEMA ta jihar Kebbi, zai yi kyau ya tambaya tun yana da lafiya ko tsarin nasa ya haɗa da hoton CT da gashi.