Almakashi a Hannun Hukuma: Bahasi Kan Dokar Indiyanafolis

A shekarar 1983, lokacin da majalisar birnin Miniyafolis na ƙasar Amurka ta nemi marubuciya Andrea Dworkin da malamar shari'a Catharine MacKinnon su tsara mata doka game da hotuna da littattafan batsa, waɗannan mata biyu, da yake suna sahun gaba cikin masu tsananin ra'ayi kan haƙƙin mata, ba su kafa hujjarsu bisa kunya ko tarbiyya ba. Cewa suka yi batsa zalunci ce ga jinsin mata ɗungurungum, don haka macen da ta cutu tana da ikon gurfanar da mai bugawa da mai sayarwa gaban alƙali ta nemi diyya. Magajin gari Donald Fraser ya ƙi sa hannu. A 1984 sai majalisar birnin Indiyanafolis ta zartar da irinta, kuma abin lura, wadda ta gabatar da ita a majalisa, Beulah Coughenour, 'yar ra'ayin riƙau ce wadda ba ta taɓa shan inuwa ɗaya da su ba.

Mai adalci ba zai musanta illar da suka bayyana ba. Shi kansa alƙali Frank Easterbrook, da ya tabbatar da rushe dokar Indiyanafolis a 1985, ya sallama cewa siffanta mace a ƙasƙance yana ƙara mata ƙasƙanci a zahiri. Amma ya ce wannan dalili ne na ƙarfin magana, kuma matuƙar hukuma ta sami izinin halatta ra'ayi ɗaya game da mata ta haramta kishiyarsa, to ta zama mai hukunci a kan zukatan mutane. Kotun ƙoli ta amince da hukuncin a 1986.

A nan ne, a ganina, ƙiyasin Dworkin da MacKinnon ya yi rauni, domin sun ɗauka niyyar mai tsara doka ita za ta bi dokar har ofishin da za a zartar da ita, alhali kuwa kalma kamar ƙasƙantarwa tana karɓar tawili iri-iri, kuma mai tawilin ƙaramin ma'aikaci ne riƙe da hatimi. Mata masana shari'a, Nan Hunter da Sylvia Law, sun gabatar wa kotu wannan gargaɗi. Tarihi ma yana bayansu, tun da dokar Comstock ta 1873, wadda aka yi da sunan kare mutunci, da ita aka tuhumi Margaret Sanger a 1914 saboda abin da ta rubuta wa mata.

Kanada ce ta gwada abin. A shari'ar Butler ta 1992, kotun ƙolinta ta karɓi hujjar cutar da mata a matsayin ma'auni, ba a daɗe ba kuwa jami'an kwastan suka tsare littattafan Dworkin guda biyu a kan iyaka. Ita da MacKinnon sun ce tsohuwar ƙa'idar kwastan ce ta jawo haka, hukuncin Butler ba shi da hannu. Ko da an sallama musu, uzurin nasu shaida ne a kansu, domin ya nuna jami'in da ya buɗe kwalin bai bambance littafin da ke yaƙar batsa da batsar kanta ba.