Wata 15 cikin 22: yadda agogo ya shiga kotun yara a Amurka

Idan hukuma ta ɗauke yaro daga hannun iyayensa a Amurka saboda duka ko sakaci, kotun yara ce ke yanke makomarsa: ko a mayar da shi gida, ko a nema masa wani gida na dindindin. Yau wannan hukunci yana da wa'adi, kuma in ka bi tarihin wa'adin za ka tarar da hannun masana halayyar yara a ciki.

An buɗe kotun yara ta farko a Shikago a 1899, amma an daɗe babu wani wa'adi. Sai a kai yaro gidan riƙo da sunan na ɗan lokaci ne, ya yi ta yawo daga wannan gida zuwa wancan har ya balaga.

A 1951 John Bowlby, wani likita ɗan Ingila, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto kan illar raba ƙaramin yaro da mai renonsa. A 1973 kuma Joseph Goldstein da Anna Freud da Albert Solnit suka kawo hujjar da ta ratsa kotuna: yaro ba ya auna lokaci kamar babba. Ka duba mana, wata shida a wurinka ba wani abu ba ne, amma ga ɗan shekara biyu rubu'in rayuwarsa ke nan. Kafin manya su gama kai da komo a kotu, ya riga ya shaƙu da mai riƙonsa.

Dokar 1980 ta karkata wajen iyaye: dole hukuma ta yi ƙoƙarin da ya dace don kada a raba iyali, in an raba kuma a sake haɗa su. Masu suka suka ce ana mayar da yara cikin haɗari. Sai ga dokar 1997, wadda Bill Clinton ya sa wa hannu. Ta ce a zauna kan makomar yaro cikin wata 12, kuma in ya yi wata 15 cikin 22 na baya-bayan nan a gidan riƙo, hukuma ta nemi kotu ta soke haƙƙin iyayensa kwata-kwata.

A ganina nan ne ƙullin yake. An saita agogon da lokacin yaro, alhali uwar da ke fama da shaye-shaye, ko uban da ke kurkuku, wata 15 ba lallai ya ishe su ba. Sannan soke haƙƙin iyaye ba ya tabbatar da sabon gida; akwai yaran da aka raba da nasu, ba wanda ya ɗauke su, har suka girma ba su da iyaye a idon doka.

Dokar dai ta bar 'yar ƙofa. In yaron yana hannun dangi, kaka ko gwaggo, ko kuma hukuma ce ba ta ba iyayen taimakon da ya kamata ba, ba dole ne a shigar da buƙatar sokewar ba.